Rasuwar Sakatariya, Mai Lasisin Shafi Ɗaya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni mai hayar kujeru, a madadin mahaifiyarmu, da maigidana, da direbanmu, da kuma ƙanena Auta mai hayar rumfuna, wanda ban nemi izininsa ba kafin in sa shi a wannan takarda, nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar Sakatariya, manhajar kama ranar hayar kaya da ke kan shafinmu na intanet. Ta rasu ranar Talata da ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida na safe, bayan jinyar mako biyar, tana da shekara tara a duniya. Kamfanin da ya haife ta ne ya janye lasisinta, ita kuwa ba ta iya numfashi sai da shi.

Gara in faɗi tun yanzu, don kada wani ya zo gaisuwa yana danne dariya a bayan hannu. Marigayiya ita kaɗai ce dalilin da ya sa ni da Auta muke jin muryar juna sau biyu a mako. Yau kwana goma sha shida ke nan wayata ba ta nuna sunansa ba. Duk mai ganin manhaja ce kawai ta mutu, ya riƙe gaisuwarsa, na yafe.

Marigayiya ta shigo gidanmu a zamanin Baba, lokacin da kujeru da rumfuna suke sito ɗaya, a ƙarƙashin suna ɗaya. Kafin zuwanta, Baba yana rubuta odar mutane da alli a jikin bangon sito, in bango ya cika ya koma bayan hannunsa, in ya wanke hannu kuma sai abin da hali ya yi. An taɓa ba wa taro biyu kujeru ɗaya a rana ɗaya, masu taron suka haɗu a bakin ƙofa kowa da motar ɗaukar kaya, Baba ya shige banɗaki ya ƙi fitowa. Washegari ya kira Injiniya, wani dattijo mai gina wa mutane shafin intanet, wanda shagonsa ke jikin namu, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Shi ya gina mana shafi, shi ya ɗora ta a kai. Baba ya dube ta tana jera ranaku cikin akwatuna, ya ce ai wannan sakatariya ce, sunan kuma ya bi ta har ranar da ta cika.

Halayenta ba sa buƙatar ƙari. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta taɓa cewa kanta na ciwo ba, ba ta da ƙawar da ke zuwa mata hira a wurin aiki. Ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Akwai wani mai kuɗi da ya saba a tashi kowa a ba shi, ya nemi ranar da wata ƙungiyar masu gyaran takalma ta riga ta kama. Ta rubuta masa, “Wannan rana ta cika.” Ya sake dannawa har sau tara, ta ba shi amsa iri ɗaya sau tara, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ce ya yi haƙuri ba. Ni da nake tsaye a gabansa ba ni da wannan ƙarfin hali.

Maganarta kaɗan ce. In oda ta shigo, sai ta ce ƙilin! In mutum ya manta lambar wayarsa ko ya zaɓi ranar da ta wuce, sai ta ce ɗuut, a hankali, yadda ba zai ji kunya ba. Baba kan amsa mata da “Na'am” duk lokacin da ta yi ƙilin, ko da kuwa yana tsakiyar faɗa da masu lodi ne.

Abu ɗaya ne Baba bai taɓa yarda da shi ba har ya bar duniya. Injiniya ya sha gaya masa, “Baba, ba sayenta ka yi ba fa, izinin amfani da ita aka ba ka.” Baba ya ce shi dai ya san ya sa hannu a aljihu, abin da ya sa hannu a aljihu dominsa kuwa nasa ne. Izinin nan shi ake kira lasisi, shaidarsa kuma wani mabuɗi ne da ba ya buɗe kowace ƙofa, jerin haruffa da lambobi talatin da biyu da ake rubuta mata a ciki don ta farka. Baba ya sa aka kwafe su a kan kwali, ya huda kwalin, ya ɗaure shi a zobe ɗaya da makullan sito. Kowace shekara ana sabunta izinin, ita kuma kamfani ya ci gaba da aiko mata gyare-gyaren da ke riƙe lafiyarta. Lasisin na shafi ɗaya ne. Wannan yana rubuce a cikin wata yarjejeniya mai shafi goma sha tara, wadda Baba ya danna mata “Na amince” kafin Injiniya ya gama gyara zaman tabaransa. Ban ga laifinsa ba, domin har yau ban haɗu da mutumin da ya karanta irinta ba.

A cikin shafi goma sha taran nan an kuma rubuta cewa duk safiya marigayiya za ta aika gidansu da labarin inda ta kwana. Ashe shekara tara muna zaune da mai kai rahoto ba mu sani ba. Ban riƙe ta da wannan ba. Haka aka yi ta.

Da Baba ya rasu, aka raba kaya. Kujeru suka faɗo mini, rumfuna suka faɗa wa Auta, rabon da duk mai hankali zai ga ba zai haifar da alheri ba, amma a lokacin ba mai hankali a cikinmu. Ranar kwashe kaya, a gaban masu lodi su shida, na ce da Auta bai taɓa ɗaga sandar rumfa ko ɗaya ba a rayuwarsa sai Baba na riƙe masa ɗaya ƙarshen. Na faɗa, an kuma ji. Auta ya juya ga kayansa. Ya gama lodinsa, ya kama sito a can ƙarshen gari bayan tashar mota, ya sa Injiniya ya gina masa shafinsa daban. Wata biyu ko a gidan Mama muka haɗu, ɗaya na shiga ɗaya na neman takalminsa.

Sai maganar Sakatariya ta taso, domin sabon shafi ba shi da mai karɓar oda. Mama ta tara mu a falonta, ni a wannan kujera, Auta a waccan, kowa yana kallon labule, Injiniya a tsakiya da kwamfuta a cinya. Ta ce duk abin da mahaifinmu ya bari na mu biyu ne, don haka a raba ta. Injiniya ya ce ba ta rabuwa. Ya yi bayani cewa mabuɗin yana aiki a shafi ɗaya ne kawai a lokaci ɗaya, in ana so ya koma wani shafin, sai an fara danna “Saki” a na farko kafin a danna “Kunna” a na biyu. Ya ƙara da cewa, “Amma Mama, ai ba sai an wahala ba. A yanko wa Auta nasa lasisin, kowa ya huta.”

Mama ta dube shi ta saman tabaranta, ta ce, “Ɗan nan, na tambaye ka?”

Nan take ta yanke hukunci. Daga safiyar Lahadi zuwa tsakar ranar Laraba marigayiya tana wajena, daga nan zuwa safiyar Lahadi tana wajen Auta. Mai saki ya kira mai ɗauka da bakinsa, ba saƙo, ba aike, ba ta hannun miji ko mata. Injiniya ya buɗe baki, ya sake duban fuskar Mama, ya rufe kwamfutarsa.

Haka marigayiya ta shiga rayuwar zirga-zirga, kuma ta ɗauke ta da haƙurin da ban taɓa gani ba. Shekara huɗu tana kai da kawowa tsakanin shafi biyu ba ta taɓa mantuwa da ranar wani ba. A ranakun da ba ta nan, inda take zama a shafina sai ya koma wani fili mai launin toka. Abokan ciniki sun sha wuya, ba zan ɓoye ba. Ana iya kama kujera daga Lahadi zuwa Laraba, rumfa kuma daga Laraba zuwa Asabar, mai son duka biyu sai ya yi lissafi. Taron tsofaffin ma'aikata ya taɓa samun kujera ɗari biyu ba inuwa, dattawa suka zauna cikin rana da jaridu a ka har aka karanta rahoton shekara. Wata makaranta kuma ta samu rumfa shida ba wurin zama, iyaye suka karɓi kyautar 'ya'yansu a tsaye cikin inuwa mai daɗi. Daga baya wani mai shirya taruka ya gano dabara. Ranar Laraba yakan kama kujeru da ƙarfe sha biyu saura minti biyar, ya sha ruwa, ya kama rumfa da ƙarfe sha biyu da minti biyar. Labari ya bazu, tsakar ranar Laraba ta zama lokacin da marigayiya ke yin ƙilin har muryarta ta haɗe.

Shekarar farko wayarmu kalma huɗu ce. In ce, “Na saki.” Ya ce, “Na ɗauka.” Ƙit, a kashe. Ranar Lahadi mu juya. Ko sallama ba ma yi, don kada a ce wani ya fara.

A shekara ta biyu, wata Laraba, ya yi tari kafin ya ce ya ɗauka. Bakina ya riga ni, na ce, “Ka sha magani.” Na cire wayar daga kunne na duba ko layi ya yanke. Sai ya ce, “To.” Ranar na kasa cin abinci, maigidana yana ta tambayata wa ya ɓata mini rai, ni kuwa ba wanda ya ɓata mini. Daga nan abin ya fara tsiro kaɗan-kaɗan. Ana ruwa a wajenku? Ina Baba yake sayen robar ƙafar kujera? 'Yarsa ta fari ta zo ta ɗaya a aji, ya faɗa mini da sauri kamar wanda ke tsoron a kama shi yana faɗa. A shekara ta uku ya koma kirana Yaya, bayan tsawon lokaci ina “ke”. Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, na sha jinkirta saki da gangan don ya kira ya ce, “Yaya, har yanzu ba ta iso ba,” ni kuma in yi ta ɗora wa intanet laifi muna hira. Wayarmu mafi tsawo ta kai minti goma sha ɗaya, a kan tayar mota. Maganar da na faɗa a gaban masu lodi kuwa ba wanda ya taɓa ɗaga ta, tana nan inda na ajiye ta.

Ciwon ajali ya fara ne bayan wasu sun sayi kamfanin da ya haife ta. Tsofaffin masu shi, Allah ya saka musu, da alama ba sa karanta rahoton da take aika musu. Sababbin suka zauna suka karanta. Wata safiya na tarar da wani zane mai ruwan ɗorawa a saman goshinta, an rubuta cewa an ga motsin da ba a saba gani ba a lasisina. Motsi wai! Mabuɗin da yawancin mutane ke matsar da shi sau ɗaya ko biyu a rayuwarsa, namu ya yi tafiya sau ɗari huɗu da goma sha shida, kullum tsakanin gida biyu, kullum a kan lokaci. Injiniya ya ce in da shi ne a kamfanin, da lambar yabo zai ba mu kafin ya kore mu.

Mako na biyu suka tsayar mata da gyare-gyare. Ta fara rama. A wayar hannu Juma'a ta soma hawa kan Asabar, watan gobe ya leƙo ta ƙasan na yau. Ƙilin ɗinta ya riƙa zuwa a makare, sai mutum ya gama oda ya tafi sannan ta yi shi ita kaɗai a cikin sito. Ba abin da ba mu yi ba. Injiniya ya share mata ciki, ya kashe ya kunna, ya sake rubuta mata mabuɗin harafi-harafi yana karantawa daga kwalin Baba. Maigidana, wanda iliminsa na kwamfuta bai wuce goge mata ƙura ba, ya kawo fanka ya saita ta a kan allo, ya ce zafi ne. Direbanmu ya zo da labarin wani mutum da ke raba irinta kyauta, wadda aka cire mata jijiyar kai rahoto, ba ruwanta da lasisi. Injiniya ya ce ko a mafarki. Ya ce irin waɗannan da cuta suke zuwa, ya san wata mai gidan burodi da ta ɗora ɗaya, cikin mako guda shafinta ya koma tallar maganin sanƙo da wani yare da ba wanda ya iya karantawa.

Sai na rubuta wa kamfanin takarda, shafi uku. Na ba su tarihin Baba, na bayyana musu rabon gado, na kawo hukuncin Mama kalma-kalma, na kuma tunatar da su cewa ba mu taɓa kunna ta a wuri biyu lokaci ɗaya ba ko na daƙiƙa. Suka amsa cikin minti ɗaya cewa saƙona yana da muhimmanci a wurinsu, suka ba ni lamba. Bayan kwana tara wani ya rubuto, bai sa sunansa ba, ya ce ya ji daɗin labarin iyalina. Ya ce lasisin shafi ɗaya ana iya matsar da shi in mai shi ya ƙaura, amma ba a yi shi don a riƙa ba da aronsa ga wani ba. Saboda haka za su aiko da tambaya guda ɗaya zuwa ga shafukan biyu, amsar ce za ta nuna ko a yi mana gyara a bar ta da rai, ko a janye.

Tambayar ta iso ranar Litinin da hantsi, ina tsaye a bakin sito ana sauke kujerun da suka dawo da laka. Layi ɗaya ce. Shin waɗannan shafuka biyu na kasuwanci ɗaya ne? A ƙasa akwai akwati biyu, E da A'a, da wani ɗan fili na ƙarin bayani ga mai so.

A nan ne ya kamata mai sanarwa ta ce ajali ne ya zo, ba makawa. Ba zan ce ba. Na san an aika wa Auta irinta. Na tsaya da waya a hannu ina ganinsa a raina yana danna A'a ba tare da ya ko zauna ba, ni kuma a bar ni da E ɗina a fili kamar mai roƙo. Na ce wallahi ba za a yi haka da ni ba. Na gaya wa kaina ai gaskiya ce ma, sito biyu ne, suna biyu ne. Ban kira shi ba, alhali lambarsa ce ta biyu a wayata. Na danna A'a, na bar filin bayani fayau, na koma ina yi wa masu lodi faɗa a kan laka.

Washegari Talata, a cikin kwanakin da take wajena, wata mata tana kama kujera arba'in. Ta zaɓi rana, ta rubuta lambarta, ta danna. 'Yar da'irar nan ta jira a kan allo ta fara juyawa. Ta juya, ta juya, ina kallo. Zanen goshinta ya koma ja. Ta ce ɗuut, sau ɗaya, ba irin na kullum ba, ta rubuta kalamanta na ƙarshe, “Lasisi ba ya aiki.” Injiniya ya shigo da gudu da takalmi ƙafa ɗaya, ya duba, ya cire tabarau.

Takardar shaidar rasuwa ta biyo baya ta imel, an aika mana mu biyu, kuma saboda kamfanin mutane ne masu son komai a fili, sun jera amsoshin ɗaya a kan ɗaya. Mai riƙe da lasisi, A'a. Shafi na biyu, E. An sa har da lokaci. Auta ya amsa minti huɗu bayan tambayar ta iso, tun ina can ina zana shi a raina yana ƙina. Ya kuma cika filin bayani. Ya rubuta, “Yayata ce. Kayan babanmu ne.”

Na karanta a tsaye, na nemi kujera. Ina da su ɗari uku, na zauna a ƙasa.

Ranar Laraba da ƙarfe goma sha biyu na ajiye waya a kan tebur ina kallonta. Ba ni da abin da zan saki, shi ba shi da abin da zai ɗauka. Ya ga abin da na danna, kamar yadda na ga nasa. Ranar Lahadi ma na zauna. Maigidana ya ce, “Ki kira shi mana, ɗan'uwanki ne fa.” Na ce in kira in ce me? Ya ce in ce sannu. Shi komai a wurinsa mai sauƙi ne, mutumin da ya kawo wa manhaja fanka.

Marigayiya ta rasu ta bar mabuɗinta a kan kwali, haruffa talatin da biyu da yanzu ba sa tayar da kowa. Ta bar shafi biyu, kowanne da fili mai launin toka. Ta bar tarihin oda na shekara tara, wanda Injiniya ya tabbatar mini namu ne, domin a cewarsa gawar da kayan jikinta duk suna hannunmu, izinin motsi ne kawai ya koma inda ya fito. Ta bar ƙanwa guda, wadda kamfanin ke bayarwa kyauta, yarinya mai fara'a da ke karɓar odar kowa ba ta taɓa cewa rana ta cika, wadda muka gwada ta yini ɗaya ta ba wa taro uku kujeru ɗaya. Ta bar 'yan uwa dubbai a shafukan duniya, masu lasisin shafi biyar da masu lasisin da ba shi da iyaka, ba ko ɗaya da ta aiko da gaisuwa. Ta bar mai shirya tarukan nan na ranar Laraba, wanda aka ce har yanzu yakan buɗe shafin sha biyu saura minti biyar ya zauna yana kallon allo. Ta kuma bar Mama, wadda da aka kai mata labari ba ta tambayi ciwon ba, ba ta tambayi kamfanin ba, ta dube ni kawai ta ce, “Shekara huɗu na saya muku. Ba ni da wata dabarar.”

Iyali suna godiya ga duk waɗanda suka kira, har da waɗanda suka kira don tambayar ko za a samu kujera ranar Asabar. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su zo da sunan wata manhaja, an ba ni goma sha ɗaya zuwa yanzu. Ana kuma roƙon a daina gaya mini cewa maganin abin a sayi lasisi biyu. Na sani. Injiniya ya zaunar da ni ya shimfiɗa mini komai dalla-dalla, ya ce hanya biyu ce kawai kamfani zai yarda da ita. Ko kowa ya yanki nasa, ya zauna da tasa Sakatariyar kwana bakwai a mako, ba mai jiran wani, ba mai kiran wani har abada. Ko kuma a rushe shafi biyun a gina ɗaya, kujera da rumfa a wuri guda, suna guda, lasisi guda, yadda E za ta zama gaskiyar da ba sai an yi mata bayani ba. Ya ce ta farkon aikin minti goma ce. Ta biyun, ya ce, ba aikin injiniya ba ne.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a tsohon siton Baba. Za a fito da kwamfuta a ɗora a kan tebur a bakin ƙofa don kowa ya gani. Injiniya ne zai jagoranta, shi zai danna “Cire”. An ce daga nan allo zai tambaya, “Kin tabbata?” kuma ni ce zan amsa a matsayina na mai riƙe da lasisi, don haka ana roƙon jama'a su yi haƙuri in abin ya ɗauki lokaci. Za a kwance kwalin mabuɗi daga zoben makullai a miƙa wa Mama. Akwai ruwan sanyi da shayi. Wurin zama ba zai gagara ba, amma iyali ba su yi alkawarin inuwa ba, kowa ya zo da hularsa ko lemarsa.

Bayan an gama, ana roƙon jama'a su watse da wuri, kada a tsaya hira a bakin ƙofa, domin akwai sauran aiki ɗaya da ba na taro ba ne. Takardar neman sabon lasisi tana buɗe a kan kwamfutar tun ranar Alhamis. Na cika komai, ban da tambaya ɗaya, irin waccan ta ranar Litinin, mai E da A'a.

Auta, na san matarka za ta karanta maka wannan, ko da ka ce ba ka so. Abin da na faɗa a gaban masu lodi ƙarya ne, kuma na san ƙarya ne tun kafin in rufe baki. Abin da na danna ranar Litinin tsoro ne ya danna shi, amma yatsana ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Ka yafe mini duka biyun. Ban iya faɗin wannan a waya ba, shi ya sa na tara gari. Ƙarfe goma ne, amma ni tun takwas ina wurin. Ka zo ka tsaya a bayana, ka ga wanda zan danna da idonka.